Yadda ake magana da iyayen yaron da za a sallama da na'urar asibiti

Wannan rubutun na ma'aikatan lafiya ne, musamman nas-nas da ɗaliban da ake turowa ɓangaren yara, amma iyaye ma in sun karanta ba laifi don su san abin da ya kamata su tambaya kafin su ɗaure kaya. Maganar yaran da ciwonsu ba na kwana uku ba ne nake yi, waɗanda za su koma gida da wani abu a jikinsu ko a jakarsu, mai ciwon suga da allurar insulin da na'urar gwaji, mai ruwa a kai da aka sa wa roba daga kai zuwa ciki, wanda aka huda wa maƙogwaro aka sa bututun numfashi, wanda ake ba abinci ta robar hanci, mai asma da abin shaƙa, da wanda sai da injin oksijin. Likita zai yi aikinsa ya gama, na'urar ma lafiyarta ƙalau, amma daga ranar da aka sallame su mu mun fita daga lissafi, uwa ce za ta zama nas ɗin dare da rana a ɗakin da wataƙila ba wuta ba firji. In bayanin da muka yi mata bai shiga ba to bayan sati biyu za mu gan su a emajensi, ko kuma mu daina ganinsu kwata-kwata.

Fara da gano waye da waye

Kafin ka buɗe baki ka san cewa wadda ke zaune a gefen gado ba lallai ita ce mai yanke hukunci ba. Sau da yawa uwa ce ke jinya, uba yana kasuwa ko gona yana neman kuɗin magani, kaka kuma tana gida amma maganarta ce ke ci. Ka yi wa uwa bayani na awa guda ta ce to, ta koma gida surukarta ta ce wannan robar ta hanci ita ke hana yaron cin abinci a cire, shikenan an cire. Don haka tambayar farko ita ce, "Maman Abba, a gida wa kuke shawara da shi a kan jikin yaron nan?" Duk wanda ta ambata a nemo shi, in ba zai samu zuwa ba a kira shi a waya a gabanta. Kuma ka tambayi wa zai riƙe yaron in ita ta tafi unguwa ko ta haihu ko ita ma ta kwanta, don wannan mutumin ma sai an koya masa.

Wani abu da baƙin ma'aikata ke yi wa mummunar fahimta shi ne kunyar ɗan fari. Za ka ga yarinya ƙarama da ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta tambaya, in surukarta na wurin ma kanta a sunkuye, sai wani ya rubuta a fayil wai uwa ba ta damu ba. Ta damu fa, kara take yi. Ka nemi lokacin da take ita kaɗai ka ga yawan tambayoyin da ta tara.

Wuri da lokaci

Ba a yin wannan maganar lokacin zagayen likitoci ana tsaye mutum goma a kan gado, ba a yi a baranda ana wucewa, kuma mafi muni a bari sai ranar sallama lokacin da hankalinsu na kan biyan kuɗin gado da neman mota. A fara tun ranar da aka san yaron zai tafi da na'urar, a riƙa yi kaɗan-kaɗan. Ka jawo kujera ka zauna, ka gaisa yadda ya kamata, sannu Hajiya ya mai jiki ya ƙoƙari, minti ɗaya ne amma yana sauke mutum. In Bafulatana ce ko Babarbariya da Hausarta ba ta nuna ba a samo babban mutum ya yi tafinta, kar a kama yayan yaron ɗan shekara goma sha biyu a ce shi zai faɗa wa uwarsa cewa ƙaninsa ba zai warke ba.

Ka saurara tukunna

"Me aka faɗa muku zuwa yanzu?" Da wannan ake buɗewa. Sannan, "Ku a ganinku me ya kawo wannan ciwon?" A nan za ka ji abubuwa, wani zai ce iska ce, wani sammu, wata ta ce ai an ce alewar da nake saya masa ce ta ja masa suga. Kar ka yi dariya kar ka yi tsaki, amma laifin da uwa ta ɗora wa kanta dole ka sauke mata shi ƙarara kuma a gaban miji in ya samu. Ciwon suga irin na yara ba shan zaƙi ke kawo shi ba, jikin ne ya daina yin insulin ɗinsa, ba abin da ta yi ko ta ƙi yi. Ruwan kai ma haka, wani an haife shi da shi, wani bayan sanƙarau ne. Akwai auren da irin wannan zargin ya girgiza, jimla ɗaya daga bakinka tana iya tare shi.

Faɗin gaskiya a kan tsawon abin

Nan ne da yawanmu ke zillewa. Uba zai tambaya, "To Sista yaushe za a daina allurar?" sai a ce masa in sha Allahu da sauƙi. Shi kuma abin da ya ji shi ne wata ɗaya ko biyu. Ana iya haɗa tawakkali da gaskiya a magana ɗaya: "Baba, lafiya ta Allah ce, amma a iya sanin da Allah ya ba likitoci wannan allurar zai riƙa yin ta ne kullum har girmansa, kuma da ita zai yi makaranta ya yi sana'a ya yi aure kamar kowa." Ka faɗa ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi amma ka daure, bari su yi kuka ko salati, kar ka cika wurin da surutun yadda ake ajiye sirinji don ba abin da zai shiga a lokacin.

Ga masu suga akwai abin da lallai a gargaɗe su tun da wuri. Bayan an fara insulin, wasu yaran sukan samu 'yan makonni ko watanni da buƙatarsu ke raguwa sosai har likita ya rage yawan allurar. To daidai lokacin ne galibi aka fara ba shi wani jiƙo daga ƙauye, sai a ce ai jiƙon ne ya warkar da shi a watsar da allura, bayan ɗan lokaci a kawo shi a sume yana numfashi da ƙyar. In ka riga ka faɗa musu cewa wannan sauƙin zai zo kuma zai wuce, ranar da ya zo za su tuna ka faɗa, amanarka ta ƙaru.

Masu robar kai kuma a faɗa musu tana iya toshewa ko ta kama ƙwayar cuta, yaro yana girma wataƙila a sake tiyata, wannan ba yana nufin aikin farko ya lalace ba ne.

Sa musu abin a hannu

Wannan shi ne zuciyar aikin kuma a nan ya kamata lokacinka ya fi tafiya. Ba wanda ya iya tuƙa tuwo da kallo, sai ya riƙe muciya. Tsarin shi ne ka yi suna kallo kana faɗin abin da kake yi, sannan ku yi tare hannunka a kan nata, sannan ta yi ita kaɗai kai kana gefe hannunka a aljihu, kuma ba sau ɗaya ba, duk allurar da ta rage kafin sallama ita za ta yi. Kar ka taɓa tambaya "kin gane?" don amsar kullum eh ce, mutanenmu ba sa son su kunyata ma'aikaci. Cewa za ka yi, "Inna, in kin koma gida Malam ya tambaye ki yadda ake yi me za ki ce masa? Nuna min kamar ni ne shi." A nan za ka ga inda ramin yake.

Ɗauki misalin insulin. Ta wanke hannu, in mai farin ruwa ce kamar madara ta mulmula kwalbar a tafin hannu a hankali ba girgizawa ba, ta ja iska daidai adadin ta tura cikin kwalba, ta juya ta ja maganin, ta ƙyasta sirinjin kumfar iska ta hau sama. Ka nuna mata rubutun U-100 a jikin kwalba da jikin sirinji, ka ce duk inda za ta saya ta tabbatar sun zo ɗaya, don akwai sirinjin U-40 kuma in aka haɗa shi da insulin U-100 yaro zai sha ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Sirinjin allurar zazzaɓi na kemis kuwa sam ba a amfani da shi. In ba ta karanta boko ba ba matsala ba ce, tana ƙirga kuɗi ai, a manna siririn fulasta a wani sirinji na misali daidai layin da za ta tsaya, a rubuta mata lambobin da ajami ko lambar Larabci in shi ta iya. Lokaci kuma a ɗaure shi da abin da ba ta mantawa, kafin karin kumallo da kafin tuwon dare in haka likita ya tsara, kuma ta san in an yi allura dole abinci ya biyo baya. Wurin yi a riƙa zagayawa tsakanin cinya da ciki da ɗuwawu, in aka nace wa wuri ɗaya yakan yi ƙullutu, yaron zai fi son nan don ba zafi amma maganin ba ya shiga daidai.

Na'urar gwaji ma akwai tarko. Wata tana nuna 90 wata tana nuna 5.0 alhali jini ɗaya ne, ma'aunin ne daban, ana ninka ƙaramar lambar sau 18 a samu babbar. Waɗanda ke tsallakowa daga Maraɗi ko Damagaram kuma takardunsu kan zo da lissafin Faransa, ka ga an rubuta 0,90. Don haka ka karɓi tasu na'urar ka duba, ka rubuta musu iyakokin da irin lambar da ita take nunawa, ba wadda ka saba da ita a wad ba.

Robar hanci, abin da ba a wasa da shi shi ne a tabbatar tana cikin ciki kafin a zuba komai. A yi alama a jikin robar daidai bakin hanci, kullum ta duba alamar ba ta motsa ba, ta gwada yadda aka koya mata, yaron a zaune ko a jingine ba a kwance ba, kunun a tace shi kar ya yi kauri, a bar shi ya sauka da kansa ba a danna ba, a bi da ruwa mai tsafta, a bar shi a jingine kamar rabin awa. In ya fara tari ko ya ƙware ko leɓensa ya canza launi a tsaya nan take.

Mai asma ƙarami ba ya iya haɗa danna abin shaƙa da jan numfashi, sai da mazubin da ake haɗawa a tsakani. In ba su da kuɗinsa, robar lemo ta rabin lita da aka huda gindinta daidai bakin abin shaƙan tana aiki, an yi bincike a kan haka a Afirka ta Kudu tun 1999, amma kai za ka haɗa musu ka nuna.

Shiga gidan da tambaya

Kar ka ce "a sa a firji" ka wuce. Tambaya za ka yi, kuna da wuta? Awa nawa take yi? Ruwa fa, famfo ko rijiya ko 'yan garuwa? Daga gidanku zuwa asibiti mafi kusa tafiyar nawa ce, da daddare akwai abin hawa? Insulin da ba a buɗe ba tana son sanyin firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a sa ta a wajen ƙanƙara don in ta daskare ta lalace, wadda aka buɗe kuma takan yi kamar sati huɗu in ɗakin bai wuce digiri 30 ba. To a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu zafi na haura 40, ɗakin kwano kuwa sai wanda ya gani. Mafitar da ta dace da mu ita ce tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, irin wadda marigayi Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don ajiye kayan miya har ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000. A sa kwalbar a wani ɗan gwangwani ko leda mai rufi don ruwa kar ya taɓa ta ya goge rubutun. Firjin maƙwabci mai sayar da ƙanƙara ni ban cika so ba, nan ne ake daskarar da ita.

Injin oksijin sai da wuta, don haka kafin sallama a san me za a yi in an ɗauke, sola ce ko janareta ko tukunyar oksijin ta ko-ta-kwana. Janareta a waje nesa da taga, hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci. Kusa da oksijin ba murhu ba gawayi ba sigari ba maganin sauro na kunnawa, kuma ka ambaci turaren wuta da sunansa don mata da yawa ba sa lissafa shi a wuta. Man shafawa irin su basilin ma ba a shafa wa hancin yaron da ke kan oksijin. Mai bututun maƙogwaro kuma in injin zuƙe majinarsa na lantarki ne a nemi na takawa da ƙafa a ajiye, da hunturu ƙura da bushewar iska na sa majina ta yi kauri ta toshe, a rufa bakin bututun da siririn ƙyalle mai tsafta, ba hoda, wajen wanka ruwa kar ya shiga, igiyar wuyan kuma yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashinta.

Alamomin "ku taho yanzu"

Kar ka jera musu ashirin, uku ko huɗu da za su haddace sun fi. Mai suga in ya fara gumi da rawar jiki da yunwa ko ya rikice, ko gwaji ya nuna ƙasa da 70 (wato 3.9 a ɗaya ma'aunin), a ba shi suga cokalin shayi biyu ko uku a ruwa ko lemo mai zaƙi, a sake gwadawa bayan minti 15, in ya dawo a ba shi abinci. In ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. In kuma zazzaɓi yake yi yana amai ba ya cin abinci, kar a ce tunda bai ci ba a daina allura, a kira ko a taho. Mai robar kai, amai da ciwon kai da yawan barci, maɗiga ta kumbura, ido ya riƙa kallon ƙasa, jijjiga, ko zazzaɓi da ja a kan hanyar da robar ta bi. Mai bututun maƙogwaro in ya toshe ko ya fita wannan ba ya jiran mota, shi ya sa ba a sallamarsu sai mutum biyu sun iya canza shi da hannunsu, kuma ko'ina za su je da bututu na canji a jaka, ɗaya daidai nasa ɗaya ƙarami kaɗan.

Ka faɗa musu ƙofar da za su shiga da abin da za su ce a bakin ƙofar, misali "yaron nan yana da roba a kai kuma yana amai," don kar a ba su kati a ce su bi layi.

Kuɗi

Kai za ka fara tayar da maganar don uba ba zai ce ba shi da shi ba, sai dai ya ce to ya tafi ya riƙa tsallake gwaji a ɓoye. Ku zauna ku lissafa na wata guda, tsinken gwaji, sirinji, insulin, fulasta, kuɗin mota zuwa kilinik. Na'urar gwaji sau da yawa ba ita ce tsadar ba, tsinkenta ne, kuma kowace da irin nata, don haka kafin su saya ko su karɓi kyauta daga ɗan'uwa a Saudiyya a tabbatar ana samun tsinkenta a garinsu. In kuɗin ba zai kai ba gara likita ya tsara musu lokutan gwajin da suka fi muhimmanci da a bar su su yanke da ka. Ka raka su ofishin walwalar marasa lafiya da ƙafarka, a duba ko suna iya shiga inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiha kamar KSCHMA a Kano, ko hukumar zakka, amma kar ka yi alƙawarin abin da ba a hannunka yake ba.

Addu'a da na gargajiya

In ka ce "kar ku kuskura ku ba shi na gargajiya" za su ce to, su ba shi, su ɓoye maka. Gara ka tambaya kamar abin da kowa ke yi, "me da me aka gwada a gida?" Tofi da addu'a da sadaka ba ruwansu da na'ura, ka ce a ci gaba mu ma muna buƙata. Jan layinka a kan abu kaɗan ne: ba a daina allura, ba a cire roba, ba a zuba jiƙo ta robar hanci ba tare da an tambaya ba, ba a yi wa mai bututu ko mai asma hayaƙi, kuma wanzami ba ya tsaga ko sakiya a kan yaron da ke da roba a ƙarƙashin fata.

Yaron da kansa

Muna yawan magana a kansa kamar ba ya wurin. Ɗan shekara biyar ma yana iya zaɓar cinyar dama ko hagu, ɗan goma yana iya koyon gwaji da kansa babba na kallo. Kar a ce masa ba zafi, a ce akwai kaɗan kuma yanzu zai wuce, kuma iyaye su daina tsorata ƙannensa da "za a kai ka a yi maka allura" a gabansa. A rubuta 'yar takarda ga malamin aji da na Islamiyya cewa in ya nemi fita fitsari ko ya ciro alewa a aji ba rashin kunya ba ne. 'Yan shekara sha uku zuwa sama kuma maganar azumi za ta taso, kunya za ta sa su ɗauka a ɓoye don kar abokai su yi musu dariya, don haka tun watan Sha'aban a zauna da su da likita, in da hali da malamin da suke jin maganarsa, ya tuna musu rangwamen da Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya. Budurwa kuma tana da tambayoyin da ba za ta yi a gaban babanta ba, a ba ta minti biyar da nas mace.

Bayan sallama

A rubuta ranar dawowa a kati a kuma faɗa da baki a haɗa da ranar da suka sani, "Talatar da ke bayan kasuwar garinku." A ba su lambar wayar wad wadda ake ɗauka da gaske. In suna da WhatsApp, saƙon murya da Hausa ko ɗan bidiyon hannun uwar tana haɗa allurar, a wayarsu ba taka ba, ya fi takarda mai shafi huɗu da Turanci amfani. A kira su cikin kwana biyu ko uku na farko don a nan ne tsoro ke kama su, kuma kar ka tsaya a "ya mai jiki" don da sauƙi za a ce, ka tambaya nawa na'urar ta nuna da safe, sau nawa aka zuƙe majina jiya da daddare, tsinke nawa ya rage a gwangwani.

In sun ɓace wata uku sannan suka dawo, littafin gwaji ba komai a ciki ko kuma an cike shi da lambobi masu kyau da biro ɗaya a zama ɗaya, ka riƙe faɗan. Ka ce sannunku da zuwa mun ji daɗin ganinku, sannan ka tambaya me ya hana, galibi kuɗin mota ne ko tsinke ya ƙare ko an yi rasuwa ko miji ya yi tafiya bai bar izini ba. Ka karɓi na'urar ka duba lambobin da ta ajiye a cikinta, ka duba cinyar yaron da cikinsa ko akwai ƙullutu, sannan ka miƙa mata sirinji ka ce ta sake nuna maka yadda take yi.